Gyaran kafsul ɗin tsohon makirufo: abin da na gani a hannun wani magyari a Jamus

Makirufon da ya jawo wannan rubutu ƙirar Neumann U87 ne na zubin farko, irin mai gurbin batir a cikinsa, wanda kamfanin ya fara fitarwa a 1967, ya ci gaba da ƙera shi har zuwa 1986 lokacin da U87 Ai ya gaje shi. Na saye shi ne daga hannun wani dattijo da ya kwashe shekarun aikinsa yana ɗaukar sauti a Kaduna, kuma ranar da ya miƙo mini shi a naɗe cikin tsohon tawul bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Ɗana, da rani ba ka da abokin aiki kamarsa, amma idan damina ta sauka sai ka yi haƙuri da shi." Na ɗauki maganar a matsayin irin jan kunnen da duk mai gaskiya yake yi idan zai sayar da tsohon kaya, sai da watan Agusta ya kama na gane abin da yake nufi.

Mafi yawan aikin da nake yi a ƙaramin ɗakin ɗaukar sautina karatun littattafai ne da wasan kwaikwayon rediyo da rera rubutattun waƙoƙi, wato aikin da mutum yake zama dab da makirufo yana magana na dogon lokaci. Da damina ta yi nisa, sai ya zamana mai karatu ya fara shafi lafiya lau, muryarsa a cike, amma bayan kamar minti goma sai ta fara janyewa kamar wanda yake ja da baya da kujerarsa, wani huci ya taso a ƙarƙashinta, daga nan sai ƙaraf-ƙaraf irin na mai suyar gyaɗa a ɗakin da ke kusa. Idan muka dakata muka sha ruwa, sai sautin ya dawo da kansa, mu ci gaba, ya sake ɗaukewa. Akwai gwajin da masu wannan sana'a suke yi, wanda kowa zai iya yi a ɗakinsa: ka sa abin sauraro a kunne, ka matso kusa da ragar makirufon, ka huro numfashi mai ɗumi a hankali kamar mai son goge madubi. Lafiyayyen makirufo zai yi ɗan gurnani ya koma daidai nan take. Nawa kuwa shiru yake yi na daƙiƙoƙi masu yawa, sannan ya farfaɗo da tartsatsi.

Wanda bai taɓa buɗe irin wannan makirufo ba zai yi mamakin ƙanƙantar abin da ake kashe kuɗi a kansa. A bayan ragar akwai wani ɗan faifai mai faɗin milimita 34, shi ake kira kafsul, kuma shi ne kunnen makirufon baki ɗaya. Faifan tagulla ne da aka huhhuda, aka shimfiɗa masa tantanin roba a fuska aka ɗaure da zobe da ƙananan kusoshi, tamkar yadda ake rufe bakin ganga. Kaurin tantanin maikiron 6 ne, abin da bai wuce kamar kashi 1 cikin 10 na kaurin silin gashin kai ba, kuma an fesa masa ruwan zinariya a tsakiya domin ya iya riƙe lantarki. Tsakanin tantanin da faifan akwai ɗan sarari da ido ba ya iya gani. Ana ɗora wa waɗannan biyun caji, sai su zama kwandansa, wato abin da yake riƙe cajin lantarki. Idan murya ta bugi tantanin ya motsa, sararin ya ragu ko ya ƙaru, wannan sauyin ne yake zama sauti a cikin waya. Tun 1916 injiniya Edward Wente ya fito da wannan dabara a Amurka, Georg Neumann kuma ya kafa kamfaninsa a Balin a 1928 ya mayar da ita abin kasuwa.

Inda matsalar take shi ne cajin da kafsul yake riƙewa ƙanƙane ne ƙwarai, kuma ba ya zama sai idan babu wata hanya da zai zurare. Zinariyar ba ta kai har bakin zoben ba, an bar da'irar roba zalla a gefe domin ta zama katanga. Shekara da shekaru ƙura tana sauka a kan tantanin, lantarkin da ke jikinsa yana ƙara janyo ta, feshin yawu da tururin numfashi suna manne ta, har ta zama wani siririn dafi da ya haɗe zinariya da zoben. Muddin dafin nan a bushe yake, ba ya wuce da lantarki, shi ya sa makirufon yake lafiya da rani. Da zarar ya sha laima kuwa, sai ya zama gada, cajin ya zurare, murya ta yi ƙasa, huci ya taso. A wurinmu abin ya haɗu goma da ashirin, domin hunturu yana kawo ƙura mai laushi da take ratsa kowace raga, damina kuma ta zo ta jiƙa abin da hunturu ya tara.

Kafin in yi tunanin aika shi waje, na kai shi wurin mai gyaran amfilifaya da nake hulɗa da shi, mutum mai hannu da natsuwa. Ya canza waya, ya auna wutar bolt 48 da na'urar haɗa sauti take aikowa, ya tabbatar da cewa ba daga nan ba ne. Da muka cire ragar muka haska tocila, sai ga tantanin gaba ya yi dishi-dishi, da ɗige-ɗigen busasshen yawu kamar an yayyafa masa ruwan koko. Ya kawo shawarar a goge da auduga da sifirit, amma da ya ƙara dubawa da madubin ƙara girma sai ya janye maganarsa da kansa, ya ce wannan ba aikin hannunsa ba ne. Har yau ina ganin girmansa saboda wannan, domin zinariyar da ke kan tsohon tantani shafa ɗaya take jira ta bi auduga, kuma idan ta tafi ba ta dawowa.

Ta hanyar wani abokin sana'a na samu labarin wani magyari a Jamus, wanda yake aiki shi kaɗai a ƙaramin shago kuma ba ya taɓa komai sai makirufo mai kwandansa. Abin da ya fara burge ni shi ne bai ce in aiko ba sai da ya yi tambayoyi. Ya nemi hoton tantanin gaba da na baya a cikin haske mai kyau, ya nemi in ɗauki sautin gwajin numfashi in tura masa, ya tambayi ko matsalar tana nan idan na juya maɓallin zuwa ɗauka ta kowane ɓangare, ya kuma tambayi inda nake ajiye makirufon da dare. Kan U87 yana cirewa daga gangar jikinsa, don haka na so in aika kan kaɗai saboda rage nauyi da fargabar ɓata, amma ya ce in aiko shi duka, domin datti a kan maɓallan da ke ƙarƙashin kafsul ko tsufan wani abu a cikin da'irar lantarki suna iya kawo irin wannan huci, kuma ba zai so ya gyara rabi ya bar rabi ba. Ya bayyana yadda zan naɗe shi: jakar leda mai zif da ƙunshin silika mai tsotse laima a ciki, sannan akwati a cikin akwati, kada a sa soso mai marmashewa kusa da ragar.

Bayan kayan sun isa hannunsa, rahoton da ya aiko shi ne mafi darajar abin da na biya kuɗi a kansa. Ya haɗo da hotunan da ya ɗauka ta madubin ƙara girma da zanen awon sauti na kowace fuska. U87 yana da tantani biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, waɗanda haɗuwarsu ce take ba shi damar ɗauka ta gaba kaɗai, ko ta gaba da baya, ko ta kowane ɓangare. Ya nuna mini cewa na gaba ya sha datti sosai, kuma a wani wuri da bai fi ƙwayar riɗi ba zinariyar ta yi sirara, amma ɗaurinsa bai saki ba kuma babu huda. Na baya kuwa, wanda bai taɓa fuskantar bakin mutum ba, kusan yana nan yadda ya baro masana'anta. Sai ya jera mini hanyoyin da ake bi: a wanke kawai, ko a wanke a juya kafsul ɗin, na baya ya koma gaba, ko a cire tsohon tantani a ɗaura sabo, ko a sayi sabon kafsul baki ɗaya. Ya faɗi kuɗin kowanne, kuma wanda ya ba ni shawara a kai, wato wanki da juyi, yana cikin masu araha.

A nan muka ɗan ja da shi, domin ni zuciyata ta karkata ga sabon tantani. Tunanina shi ne tun da na riga na biya kuɗin jirgi, gara a yi aikin da zai daɗe. Amsar da ya ba ni gajeriya ce, amma ta zauna mini. Ya ce muryar kafsul tana cikin ɗaurin tantaninsa da kaurinsa da tazarar da ke tsakaninsa da faifan, kuma duk ƙwarewar mai ɗaura sabo, abin da zai fito ɗan'uwan na asali ne, ba shi ba ne. Saboda haka ba ya yanke tantanin da bai mutu ba. Duk wanda ya taɓa zama da makaɗa ya san gaskiyar wannan. Idan aka sake wa kalangu fata, icen nan ne, tsirkiyar nan ce, makaɗin ma shi ne, amma mai kunne zai ce maka muryar ta canza, kuma makaɗi ba ya sake fata don marmari sai ta fashe. Na yi kwana biyu ina juya maganar, sannan na ce ya yi yadda ya gani.

Ya kamata in faɗi cewa wannan rangwame ba kowane tsohon makirufo yake samunsa ba. Tantanin U87 na robar foliyesta ne, wadda aka fi sani da Mylar, kuma tana jure shekaru ba tare da ta bushe ba. Kafsul ɗin M7 kuwa, wanda Neumann ya fito da shi a 1932 kuma aka sa shi a makirufon U47 na farko-farko, tantaninsa na robar PVC ne da ake mannawa da gam, kuma da tsufa takan bushe ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, kaurin murya ya gudu ya bar sauti siriri. Irin wannan ba ya jin wanki, sai sabon ɗauri ko sabon kafsul, kuma har yanzu kamfanin Microtech Gefell da ke garin Gefell, inda Neumann ya koma da aikinsa a 1943 saboda Yaƙin Duniya na Biyu, yana ƙera M7 da PVC. Kafsul ɗin CK12 na kamfanin AKG na ƙasar Ostiriya, wanda ya yi suna a makirufon C12 na 1953, shi kuma ginin cikinsa ya fi sarƙaƙiya, masu iya taɓa shi ba su da yawa. Don haka mai tsohon makirufo ya fara sanin irin kafsul ɗin da ke cikinsa kafin ya yarda da duk wani alkawarin gyara.

Aikin da ya yi, kamar yadda ya rubuto kuma hotuna suka nuna, ya wanke tantanin biyu da tataccen ruwa da burushi mai laushin gaske, ba tare da ya kwance zoben ba, ya bar su suka bushe, sannan ya juya kafsul ɗin ya sake haɗa wayoyinsa. Ya tsaftace mazaunin kafsul da maɓallan nan uku, na zaɓin ɓangaren ɗauka da na rage ƙarfi da desibel 10 da na yanke gurnanin ƙasa, ya wanke ragar, ya kuma canza ƙananan kwandansa biyu da suka tsufa a cikin da'irar. Bai taɓa taransifoma ba, bai taɓa taransistan asali ba. Bayan haka ya ajiye makirufon a kunne na kwanaki yana maimaita gwajin laima kafin ya rufe shi. Da akwatin ya iso, na tarar da tsofaffin kwandansan a cikin 'yar leda da aka manna a jikin takardar bayani, abin da ya nuna mini cewa abin da ya ce ya canza shi ya canza.

Gwajin farko da na yi ba da kiɗa ba ne, da harshenmu ne. Hausa tana da baƙaƙen da suke tona asirin makirufo: tsayuwar "ts" a tsuntsu da tsattsafi, ƙarar "ƙ" a ƙaiƙayi da ƙoƙo, nutsewar "ɓ" da "ɗ" a ɓarawo da ɗaɗɗoya. Kafin gyara, ko da rani, "ts" takan fito kamar "s" mai nauyi, "ƙ" kuma ta rasa ɗan tsinken da yake bambanta ta da "k", ni kuwa na saba da hakan har na ɗauka halin makirufon ne. Dattin da ya taru ashe nauyi ya ƙara wa tantanin, ya hana shi saurin motsi. Na kira mai karatun da muka sha wahala tare a watan Agusta, na ba shi shafin nan dai da muka kasa gamawa, ya zauna tazarar taƙi ɗaya daga ragar. Da ya kai kan jimlar da take da "tsakar dare" da "ƙofar gida", sai na ji kowane baƙi ya tsaya da ƙafarsa, kuma kaurin ƙirjinsa, wanda shi ne dalilin da ya sa na sayi makirufon tun farko, yana nan bai ragu ba. Ya yi karatu na fiye da awa ɗaya ana ruwa a waje, sautin bai janye ko sau ɗaya ba. Daga baya na gwada shi da goge, inda na fi jin bambancin a gogar izgar da take fita kafin sautin ya cika, da kalangu daga nesa kaɗan, wanda bugunsa ya fito a tsaye ba tare da kaushi ba.

Akwai abin da aka rasa, kuma magyarin ya gaya mini tun kafin ya fara. Tantanin da zinariyarsa ta yi sirara yanzu shi ne a baya. Idan ana ɗauka ta gaba kaɗai, wanda shi ne kusan duk aikina, wannan ba ya taɓa komai. Amma idan na zaunar da mutum biyu fuska da fuska na juya maɓallin zuwa gaba da baya, wanda yake ta baya muryarsa takan ɗan fi dushewa, sai na gyara a wurin haɗa sauti. Mai yawan ɗaukar hira ta mutum biyu da makirufo ɗaya ya kamata ya auna wannan da kyau, domin a wurinsa sabon kafsul mai fuska biyu daidai wa daida zai iya fin dacewa.

Ta fuskar hulɗa kuwa, ba komai ne ya yi mini daɗi ba. Aikin ya ɗauki fiye da wata biyu daga aikawa zuwa dawowa, kuma mafi yawan lokacin makirufon yana kan layi ne yana jiran a zo kansa, abin da ba a bayyana mini da kyau ba tun farko. Akwai lokacin da na yi mako biyu ban ji daga gare shi ba, alhali kayan da na fi ji da su a sana'ata suna wata nahiya. Layi ɗaya na cewa "yana nan, ban kai kansa ba" da ya wadatar. Na so a ce ya haɗo da sautin da ya ɗauka kafin gyara da bayansa, domin zanen awo ba ya gaya wa kunne komai. Garantin da ya bayar ya tsaya a kan aikin hannunsa ne, bai shafi laima ko ƙurar da za ta sake taruwa ba, wanda adalci ne, amma ya kamata mai aikowa daga ƙasa irin tamu ya san da haka. Sai kuma abin da ba laifinsa ba ne amma yana cikin lissafi: kuɗin jirgi zuwa da dawowa da inshora, da wahalar biyan Yuro daga nan, da takardun kwastan. Dole a rubuta a fili cewa tsohon kaya ne da aka aika gyara zai dawo, a ajiye rasit da lambar da ke jikin makirufon, in ba haka ba a ɗauke shi a matsayin sabon saye a ɗora masa haraji. A wurina, hidimar kai da kawowa ta kusa kamo kuɗin gyaran kansa.

Saboda haka ba kowane makirufo ne ya cancanci wannan tafiya ba. Irin masu arahar da suka cika kasuwa, waɗanda da yawansu kwaikwayon ginin kafsul ɗin Neumann ne, kuɗin aika su ya fi kuɗin sabo, gara a sayi wani kafsul a sa a nan gida. Amma wanda Allah ya sa tsohon U87 ko U67 ko C414 na da ya faɗo hannunsa, ko yake kula da kayan wani gidan rediyo da irin waɗannan suke kwance a kabad an yanke musu hukuncin mutuwa, ina ba shi shawarar ya nemi magyari irin wannan kafin ya bari a taɓa tantanin. Alamar da zan ce a duba ita ce wadda na gani: ya yi tambaya kafin ya karɓa, ya nuna hoto kafin ya yanke, ya faɗi abin da za a rasa, kuma ya mayar da abin da ya cire.

A ƙarshen takardarsa ya rubuto sharuɗɗan kulawa, kuma ina bin su. Ba na barin kowa ya yi magana a gabansa sai da ragar tare numfashi a tsakani. Na daina barinsa a kan sanda ya kwana a buɗe. Da an tashi aiki nake rufa masa jakar leda mai tsabta, in mayar da shi akwati tare da ƙunshin silika, wanda nake busarwa lokaci-lokaci idan ya sha laima. Na jefar da tsohon soson da ke cikin akwatinsa, domin ya fara marmashewa kuma garinsa yana cikin abin da aka wanke daga kan tantanin. Da hunturu ba na fito da shi sai an share ɗakin ƙura ta kwanta, da damina kuma nakan kunna shi ya ɗan jima kafin mai karatu ya zauna. Makon da ya gabata na kai wa dattijon da ya sayar mini da shi sautin karatun da muka ɗauka ana ruwa. Ya saurara har ƙarshe da idonsa a rufe, sannan ya tambaye ni ko magyarin yana taɓa ƙananan makirufo irin KM84, domin akwai guda biyu a cikin akwatinsa da suka yi shekaru ba a kunna su ba.